Yadda za ki kula da ƙaramin ciki a watanni ukun farko, tun kafin ya fito

Cikina na fari sai da ya cika wata shida kafin na taka asibiti. Ba nisa ya hana ni ba, muna zaune cikin garin Sakkwato, kabu-kabu ɗaya ne tsakanina da wurin awo. Kunya ce. Ina amarya a gidan surukai, da wane baki zan ce wa Inna ina da juna biyu? Na yi ta fama da jiri ina cewa zafin gari ne, har ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin murhu. Da aka auna jinina sai da aka yi min ƙarin leda biyu. Allah ya raya yaron, amma har yau idan na tuna gabana sai ya faɗi.

Shi ya sa nake rubuta miki wannan, ƙanwata. Watannin nan uku da muke ɓoyewa su ne watannin da ake gina jariri. Kafin zane ya fara matse ki, an riga an ƙera zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙashin baya, idanu da yatsu, abin da ya saura yawancinsa girma ne da ƙwari. Tun ran gini ran zane. Ba na ce ki yi shela a unguwa ba. Ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, amma ban da maigidanki da malamar asibiti.

Mataki na farko: tabbatar, sannan ki riƙe rana

Idan al'adarki ta wuce lokacinta da mako ɗaya, ki aika a sayo miki tsinken gwaji a kemis. Ki yi da fitsarin farko na asuba, shi ya fi kauri. Tsoma tsinken zuwa iyakar layin da aka zana, ki ajiye shi a kwance, ki duba bayan minti biyar. Layi biyu, akwai ciki, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Layi ɗaya, ki sake bayan kwana uku zuwa mako in har jinin bai zo ba.

Daga nan sai abin da yawancinmu muke sakaci da shi: ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara. A rubuta ta, ko a takarda ko a waya. Daga wannan rana asibiti ke ƙirga ciki, mako 40, wato kwana 280. Lissafin mai sauƙi ne, ki ƙara wata tara da kwana bakwai. Wadda jininta na ƙarshe ya fara 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta wajen 17 ga Oktoba. In da watan Musulunci kike lissafi, kamar yadda iyayenmu ke yi, to wata tara da rabi ne, domin watan sama ya fi gajarta. Ko ba ki riƙe kwanan wata ba, ki riƙe alama: kwana uku bayan Ƙaramar Salla, ko daren da aka yi ruwan farko. Malamar awo za ta iya fitar da lissafi daga nan.

Abin da ke faruwa a ciki, mako bayan mako

Na fi son ki san wannan kafin mu shiga dokoki, domin wadda ta san abin da ake ginawa ba sai an yi ta roƙon ta ba.

A mako na 5, lokacin da kika fara zargin ɓatan wata, abin bai wuce ƙwayar riɗi ba. A mako na 6 ya kai ƙwayar dawa, kuma a nan ne abubuwa biyu manya suke faruwa. Zuciya ta fara bugawa, har ana iya ganin motsinta a hoton ciki. Sannan wani siririn bututu da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa. Ki lura da lokacin: mako biyu kacal bayan ɓatan wata. Idan bututun nan bai rufe daidai ba, shi ne ake haihuwar yaro da ƙari ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, wani ƙafafunsa ba sa aiki, wani kuma kan bai cika ba.

A mako na 8 ya kai girman ƙwayar wake, hannuwa da ƙafafu sun tsiro, fuska ta fara fita. A mako na 10 kamar dabino yake, duk manyan gaɓoɓi sun samu, yatsu sun rabu. A mako na 12 tsawonsa santimita 5 zuwa 6, kamar lemun tsami, yana motsi, yana lanƙwasa hannu, ƙodarsa ta fara aiki. Ke ba za ki ji motsin ba tukuna. Mai cikin fari takan ji shi wajen mako na 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa takan riga ta da ɗan lokaci. Saboda haka kada rashin jin motsi a wata uku ya tayar miki da hankali.

Mataki na biyu: fara shan folik asid yau, ba gobe ba

Ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa ita ce ke taimaka wa bututun da na faɗa ya rufe lafiya. Ɗaya a rana. Tana da arha, kuma ba ta da wahalar haɗiya. Gaskiyar magana, mafi kyau mace ta fara shan ta tun tana neman cikin, wata biyu ko uku kafin ya shiga. Amarya da duk wadda ta yaye ba ta tsarin iyali ya kamata ƙwayar nan ta zama a ɗakinta. In ciki ya riga ya shiga, ki fara ranar da kika ga layi biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maikirogiram 400 a rana ya wadatar ga yawancin mata. Mai sikila, mai ciwon suga, mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haihuwar yaro mai matsalar baya, su likita kan ba su mai ƙarfi, miligiram 5.

Abokiyar tafiyarta ita ce ƙwayar ƙarin jini. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi kafin haihuwa, kuma da sinadarin ƙarfe ake yin sa. Ƙwayar takan mai da bayan gida baƙi, takan sa shi tauri, wata ma tana tayar mata da zuciya. Duk wannan ba cuta ba ne. Ki sha ta da dare bayan tuwo, ki kora da ruwa ko ruwan lemu. Kada ki haɗa ta da shayi ko nono, suna hana jiki tsotse ta, ki bar tazarar awa biyu. In laulayi ya yi tsanani har ba ta zama, ki gaya wa nas, amma folik asid kada ki bari.

Na sha jin mata a wurin biki suna cewa maganin asibiti yana sa yaro ya yi ƙato a kasa haihuwa. Wallahi wannan magana ta cuci mata da yawa. Ƙwayar ƙarin jini ba ta kumbura yaro. Abin da take yi shi ne ta tara miki jinin da za ki iya jure zubar ranar haihuwa.

Mataki na uku: yanki katin awo kafin wata uku ya cika

Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin mako 12. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sa jiharmu cikin waɗanda mata suka fi ƙarancin zuwa awo, kuma ba na jin akwai wadda za ta yi mamaki a cikinmu. Mun saba sai ciki ya tsufa, ko sai an ga matsala.

Ba dole sai babban asibiti ba. Ƙaramin asibitin unguwarku ya isa a fara, ko kina Mabera, ko Arkilla, ko Wurno, ko Tambuwal. A cikin gari akwai Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo inda ake tura masu lalura mai nauyi. Ki tambayi ranar da suke yankar sabon kati, ki karya kumallo, ki fita da sassafe, ki riƙe ruwa a gora domin layi yakan yi tsawo.

Ranar farko za a auna nauyinki da hawan jini, a gwada fitsari, a ɗebi jini. Kada ki tsallake ko ɗaya. A jinin ne za a ga ko ya yi ƙasa, a san rukuninsa, a duba sikila, ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Waɗannan ukun na ƙarshe suna iya zama a jiki ba alama, suna iya kama jariri, kuma duka akwai hanyar kare shi in an gano da wuri. In aka ce rukunin jininki nagetif ne na maigida kuma fozitif, ki riƙe wannan da kyau: akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, domin kare cikin gaba. Za a kuma tsara miki allurar rigakafin tsinkau-tsinkau, biyu, da tazarar aƙalla mako huɗu. Hoton ciki na farkon nan shi ya fi faɗin gaskiyar kwanakin ciki, yana nuna ko a mahaifa yake zaune, ko ɗaya ne ko tagwaye.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In nas ta tambaye ki, ki faɗi komai: ɓari nawa kika yi, ko an taɓa yi miki aiki, ko kin taɓa jijjiga, ko kin zubar da jini sosai a haihuwar baya, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya.

Mataki na huɗu: zama da laulayi

Yakan fara wajen mako na 6, ya yi tsanani wajen na 9, ya lafa tsakanin mako 12 da 16. Wata ba ta yin sa sam, kuma cikinta lafiya lau.

Babban sirrinsa kada ciki ya zama wayam. Ki kwana da busasshen biredi, biskit ko dabino a gefen katifa, ki ɗan ci kafin ki sauko da ƙafa. Maimakon cika kwano sau uku, ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Koko mai ɗan tsami, kunun tsamiya, fate-fate mara mai, dafaffen dankali, sun fi zama a ciki fiye da soye-soye. Citta tana taimakawa, ki jiƙa 'yar kaɗan a ruwan zafi ki kurɓa. Ƙamshin turaren wuta ko warin suyar albasa in yana tayar miki da zuciya, a ɗauke shi na ɗan lokaci, kuma ki nemi mai kama miki girki. Yawan tofar da yawu da barcin rana duk na cikin ne, ba lalaci ba ne. Allah da kansa ya ce uwa tana ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni.

Sai batun zafinmu. Wadda ƙaramin cikinta ya faɗo a Maris, Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, tana amai tana gumi, ruwan jikinta zai ƙare da sauri. Ki riƙa kurɓar ruwa duk yini, ki duba fitsarinki: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai ishe ki ba. Ranar da amai ya yi yawa ki haɗa ruwan gishiri da suga na leda. In kuwa kin yi yini da kwana ko ruwa ba ya zama, jiri na ɗibar ki, fitsari ya ɗauke, wannan ya wuce laulayin gida, sai ƙarin ruwa a asibiti. Idan azumi ya riske ki a wannan hali, shari'a ta ba mai ciki da ke tsoron cutuwa damar ta sha ta rama daga baya. Ki tambayi malami, ki tambayi likita, kada ki yi ta maza.

Mataki na biyar: tukunya

A watannin nan ba yawan abinci ake nema ba, ingancinsa ake nema, kuma kusan duk abin da kike buƙata yana Kasuwar Daji ko bakin titin unguwarku. Tuwon gero ko dawa da kika saba yana nan daram. Abin da za ki ƙara shi ne ganye kullum: zogale, alayyafo, rama, yakuwa, ko a miya ko a kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Sai wake, gyaɗa, kifi, nama gwargwadon hali, da ƙwai dafaffe. Maganar cewa mai ciki in ta ci ƙwai ɗanta zai yi sata ba ta da tushe, ƙwai na cikin abinci mafi amfani kuma mafi sauƙin samu. Lemu, gwaiba, tumatir da mangwaro suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Gishiri ki sayi na leda mai aidin, ƙwaƙwalwar yaro na buƙatar sa.

Fura da nono abincinmu ne, ba zan ce ki bari ba. Amma ki tabbata madarar da aka yi nonon da ita an tafasa ta, domin ɗanyar madara tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zazzaɓi da ɓari. Tsire da balangu su gasu har ciki, ba ja. Latas, kabeji da karas a wanke su sosai da ruwa mai tsabta. Hanta tana ƙara jini, amma a watannin farko kada ta zama ta kullum, sinadarin bitamin A da ke cikinta in ya yi yawa yana illa ga halittar jariri. Shayi mai kauri, kofi da goro a rage. In kika ji ranki na son cin ƙasa, farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, ki gaya wa nas.

Mataki na shida: abin da ba zai shiga jikinki ba

Nan ne zan fi nauyaya murya. Kada ki sha kowane magani sai wanda ya ba ki ya san kina da ciki. Don ciwon kai ko zazzaɓi, parasitamol ne ake yarda da shi. Ibuprofen, diclofenac da haɗe-haɗen ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, ki nisance su. Kafso ja da rawaya, wato tetracycline, shi ma haka. In dama kina shan maganin hawan jini, suga ko farfaɗiya, kada ki yanke da kanki, ki je da kwalin wurin likita cikin makon nan, domin wasu ana canza su da waɗanda ba sa taɓa jariri.

Jiƙe-jiƙe da saiwoyi, maganin zaƙi, tsimi, haƙin maye da matsi, duk a jingine su. Na san Gwaggo ce za ta kawo, da kyakkyawar niyya kuma, ƙin karɓa da nauyi. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, "Gwaggo, a asibiti sun ce kada in haɗa da nasu, zan adana." Babu wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin kwalbar nan, wasu saiwoyin kuma suna murɗa mahaifa. Man bilicin a bar shi, da yawa akwai makuri, wani sinadari mai guba, a ciki. Shisha da hayaƙin sigarin wani ma haka. Fiya-fiya in za a fesa, ki fita sai ɗakin ya sha iska. Girkin icce a yi shi a fili, ba a rufaffen ɗaki ba.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban abokin gabar mai ciki a nan, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Yana shanye jini, yana zubar da ciki. Gidan sauro mai magani kowane dare, ko da zafi, ko a tsakar gida kike kwana. In jikinki ya yi zafi, a gwada jini a ranar, likita ya zaɓi maganin. Fansidar na rigakafi ba a shan sa a watanni ukun farko, sai daga mako na 13.

Alamun da ba a kwana da su

Zubar jini, kaɗan ko mai yawa. Ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya, tare da jiri, suma ko ciwon kafaɗa: wannan yana iya zama ciki a wajen mahaifa, in ya fashe jini a ciki yake zuba, ba a gani, kuma yana kisa cikin awoyi. Zazzaɓi mai zafi. Zafin fitsari da ciwon kwiɓi. Ruwa mai wari daga gaba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko ƙarfe biyun dare ne, a tafi.

Akwai abin da muke kira kwanciyar ciki: mace ta ga jini, cikin ya daina girma, a ce ya kwanta zai tashi. Hoton ciki kaɗai zai faɗi gaskiya. Sau da yawa cikin ya riga ya lalace ne, zamansa a mahaifa kuma yana jawo ruɓa da zubar jini. In Allah ya ƙaddara ɓari, ki je a duba ko komai ya fita. Kuma ki sani, ɓarin farkon ciki ya zama ruwan dare, cikin kowane ciki goma ɗaya ko biyu kan zube, kusan rabinsu saboda halittar ba ta haɗu daidai ba tun farko. Ba shara ko wankin da kika yi ba ne, ba kuma kishiya ba ce. Yawancin mata suna samun wani cikin su haihu lafiya.

Maigida, wannan naka ne

Malam, izinin fita awo ka ba da shi sau ɗaya, a fili, har da na gaggawa in ba ka gida, ka kuma gaya wa Inna da bakinka don kada nauyin ya faɗa kan yarinya. Ka ware kuɗin gwaji da na mota tun yanzu. Ka riƙe lambar mai keke napep ko mai mota da zai ɗaga waya da dare. Ka san rukunin jininka da na 'yan'uwan da za su iya bayarwa. Daka, ɗiban ruwa da ɗaukar kaya masu nauyi a sauƙaƙa mata, aikin gida na yau da kullum da ɗan tattaki da yamma kuwa suna da amfani. Kwanciyar aure ba ta zubar da lafiyayyen ciki, sai in akwai jini ko likita ya hana.

In kuma kwanika ce, tana goyo ciki ya shiga, kada a fizge yaron daga nono rana ɗaya. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Ta ci gaba da ba shi, a ƙara mata abinci da ruwa, a yaye shi sannu a hankali, sai dai in ma'aikatan lafiya sun ga dalilin dakatarwa.

Ke kuma ƙanwata, ranar da kika shiga mako na 13, ki koma asibiti da katinki. A nan za a fara ba ki Fansidar, ƙwaya uku a haɗiye gaban nas, sannan a maimaita duk wata har haihuwa, aƙalla sau uku. Ki tafi da ragowar ƙwayoyin ƙarin jininki a ga yadda kike sha, kuma kafin ki bar teburin ki tabbata an rubuta miki ranar dawowa a bayan kati.